Ambaliyar Kogin Binuwai: Waiwaye Daga 1982 Zuwa 2022

A lokacin da Kamaru ta kammala madatsar ruwa ta Lagdo a kan Kogin Binuwai cikin shekarar 1982, fari shi ne abin fargaba a wannan yanki. Ƙarancin ruwan sama na shekarun 1970 da 1980 ya sa jama'a suka gangara cikin fadamu, suka kafa gonaki da gidaje a inda ruwa ya saba kwanciya. Madatsar Dasin Hausa kuwa, wadda aka tsara Nijeriya za ta gina a Adamawa domin tare rarar ruwan Lagdo, har shekara arba'in ta cika ba ta wuce takarda ba.

Da damina ta farfaɗo, sai kogi ya nemi tsohon gurbinsa. A 2012 ambaliya ta hallaka mutum 363 a faɗin ƙasar, ta kuma datse hanyar Abuja a Lakwaja, mahaɗar Binuwai da Kwara. A 2022 mamatan sun haura 600.

An saba ɗora wa Lagdo laifin baki ɗaya, alhali hujjar ba ta kai nan ba. Binciken masanan World Weather Attribution ya nuna cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin ruwan da aka tafka a yankin Tafkin Chadi, maƙwabcin mafarin Binuwai, a daminar 2022 kimanin sau 80.