Bugun Gwaji a Gaban Alƙali: Takaddamar Haƙƙin Ƙirƙira kan Saita Launin Firinta a Amurka

Wanda ya taɓa sauya wa firinta tawada ya san takardar da take fara fitarwa: layuka siri-siri da ƙananan murabba'ai na shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Bugun gwaji ke nan. A manyan maɗaba'u ana bin murabba'an ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin launi, a kwatanta abin da ya fito da abin da aka umarci na'urar ta buga, sannan a gyara jadawalin da take aiki da shi. Gyaran dole ne, domin ɗigon tawada yakan bazu a jikin takarda fiye da yadda aka tsara, zafi da laima kuma suna taɓa launi.

Maƙalar nan ta dubi abin da ke biyo baya idan kamfani ya ɗora wata dabara a kan wannan tsohuwar hanya, ya nemi haƙƙin mallakarta.

Sashe na 103 na dokar ƙirƙira ta Amurka ta 1952 ya hana ba da haƙƙi a kan abin da matsakaicin gwani a fannin zai iya ganowa ba tare da wata fikira ta musamman ba. A shari'ar Graham da John Deere ta 1966, Kotun Ƙoli ta ce a duba ilimin da ya gabata, da abin da ya bambanta sabuwar dabarar da shi, da matsayin gwanintar masu sana'ar. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex kan totur ɗin mota da aka liƙa wa na'urar lantarki, ta ƙara tsaurara ma'aunin: haɗa sanannun abubuwa, kowanne yana aikin da aka san shi da shi, galibi ba ƙirƙira ba ce.

Wannan hukunci ya yi wa fasahar saita firinta nauyi, saboda tarihinta ya yi tsawo. Tun 1937 Hans Neugebauer ya fitar da lissafin yadda ɗige-ɗigen tawada ke haɗuwa su ba da launi. A 1993 kamfanoni irin su Adobe, Apple da Kodak suka kafa ƙungiyar ICC don daidaita bayanin launi tsakanin na'urori. Mai ƙalubalantar irin wannan haƙƙi ba ya rasa makami: ya ɗauko tsohuwar takarda mai bayanin bugun gwaji, ya haɗa da wata mai bayanin ma'auni a hanyar da takarda ke bi, ya ce kowane injiniya zai haɗa su. Tun 2012 ma yana iya kai ƙorafin gaban hukumar sauraron ƙararraki ta ofishin ƙirƙira, ba sai ya je kotu ba.

Sai dai kacici-kacici ba ya yi wa wanda ya riga ya ji amsa wuya, kuma Kotun Ƙolin da kanta ta yi kashedi a kan haka. A fahimtar mai wannan nazari, wahalar aikin tana cikin ƙananan abubuwa. Launin ɗanyar tawada daban yake da na wadda ta bushe, saboda haka ma'aunin da ke cikin na'ura yana karanta launin da bai gama zama ba. Injiniyan da ya gano yadda za a cike wannan giɓi, ko ya rage murabba'an gwaji ba tare da saitin ya lalace ba, ya warware matsala ta gaske. Kafin a soke haƙƙinsa, ya kamata mai ƙalubale ya nuna dalilin da zai sa gwani, a ranar da aka shigar da takardar neman haƙƙin, ya yi tsammanin haɗin zai yi aiki a kan takardar da tawadarta ba ta bushe ba.