Kolajenaz: anzim ɗin fararen ƙwayoyin jini mai yanka kolajen

Kolajen shi ne furotin mafi yawa a jikin ɗan Adam. Ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan furotin ɗin jiki. Shi ke riƙe fata, ƙashi, guringuntsi, dasashi da huhu. Zare uku ne da aka tufke kamar igiya, shi ya sa yawancin anzim, wato sinadaran da ke narka abubuwa a jiki, ba sa iya tsinka shi. Mai iya tsinka shi ana kiransa kolajenaz.

A shekarar 1962 ne Jerome Gross na Amurka da Charles Lapière na Beljiyam suka gano shi a wutsiyar talibambam, lokacin da wutsiyar ke narkewa domin ya zama kwaɗo. Kolajenaz na yanke igiyar a wuri guda, sai gutsattsarin su warware, sauran anzim su ƙarasa. Ba ya aiki sai da sinadarin zink.

Netrofil, waɗanda suka fi yawa cikin fararen ƙwayoyin jini, suna ɗauke da nasu nau'in mai suna MMP-8, a kulle cikin ƴan jakunkuna. Sai sun isa inda rauni ko ƙwayar cuta take sannan su sake shi, ya share mataccen nama domin sabo ya fito. Makrofaj, wasu fararen ƙwayoyin, suna iya samar da MMP-1. Da aiki ya ƙare, furotin masu suna TIMP ke tsayar da su.

Matsala na tasowa ne idan kumburi ya daɗe har kolajenaz ya rinjayi masu tsayar da shi. A ciwon dasashi, MMP-8 na cinye zaren da ke riƙe haƙori har ya fara girgiɗi. A tarin fuka, MMP-1 na da hannu wajen haƙa ramuka a huhu, inda ƙwayar cutar ke hayayyafa ta bazu ta hanyar tari. Haka nan ana samun waɗannan anzim da yawa a gyambon masu ciwon suga.

A 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da doksisiklin ɗan kaɗan, miligram 20, domin rage ƙarfin kolajenaz a dasashi. Likita ne kaɗai ke rubuta shi. Dasashin da ke zubar da jini da tarin da ya wuce mako biyu kuwa, asibiti suke buƙata tun kafin ɓarnar ta yi nisa.