Auduga, Wake Da Ƙirƙirarriyar Basira

A wannan 'yar maƙala ina so in yi tsokaci ne a kan tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau idan sabon ilmi ya sauka ƙasarmu, wa ke kafa masa doka, kuma don amfanin wa? Ba sai mun bar Samaru ba wajen neman amsa.

Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta tsiro a gefen tasha. Tare da shi kamfanin auduga na Ingila, BCGA, ya kafa injin gurza. Turawa suka kawo irin Amurka mai suna Allen, a 1922 kuma suka buɗe gonar gwaji a Samaru. Irin dai ba shi da laifi. Amma ƙa'idojin da suka biyo shi sun keɓe kasuwannin da za a sayar, kamfani ya yanka farashi, duk don masaƙun Ingila su sami abin saƙa. Ba wanda ya tambayi manomi. Shi kuwa ya san inda ke yi masa ƙaiƙayi. Da yawa suka riƙa miƙa wa fataken Kano audugarsu, inda masaƙan gida ke biya da tsoka.

Labarin wake ya sha bamban. A 2015 aka kafa hukumar NBMA mai lura da irin da aka sauya wa halitta, sai a 2019 aka saki SAMPEA 20-T, waken Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Masu sukarsa na nan, ban kuwa ce su yi shiru ba. Amma doka ta riga iri isa hannun manomi, akwai kuma ofishin da za a kai kuka.

To, ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ɗalibai ke tambayarsa, har da Hausa. A waje aka gina shi, da rubuce-rubucen duniya, namu ma a ciki. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, ta fitar da daftarin manufarta kan wannan fasaha a Agustan 2024, watan da dokar Tarayyar Turai ta fara aiki. Tsorona shi ne mu kwafo ta Turai ɗungurungum, alhali don bukatun Turawa aka tsara ta. Daftarin namu ma da Turanci aka fitar.

Manomin Bomo zai ɗauki hoton ganyen masararsa da waya, na'ura ta gaya masa cutar da maganin. In ta yi kuskure gona ta ƙone, mai kamfanin na Amurka, mai maganin na kasuwar Sabon Gari. Wa zai kai ƙara, kuma gaban wane alƙali?