Waƙa Ba Ta Neman Biza

Asabar ɗin da ta wuce na leƙa gida Dayi duba gona. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida sai ɗan yayata, wanda ya gama sakandare bara, ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, don Allah kalli waɗannan." Wasu samari ne huɗu, iyayensu 'yan asalin tsibiran Karebiyan, suna kiɗan rege a cikin wani ɗan ɗaki. Ya ce ba su da kamfani, ba su da ubangida, wayarsu ce kawai jarinsu, amma ga mutane daga ƙasa-ƙasa suna bin su, har an fara gayyatarsu wasa waje. Sai da ya ga na gama kallo sannan ya fito da abin da ke cikinsa: shi ma da abokansa biyu suna rera waƙa, kuma so yake in sa baki wurin babansa a bar shi ya sayar da ragon da ya kiwata ya sayi fiyano da makirfo.

Ban ba shi amsa a lokacin ba. Amma tun daga Dayi har na koma bakin aiki maganar na raina, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Zai yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Abin da ya fara faɗo mini shi ne, ai na taɓa ganin irin waɗannan yaran. Muna ƙanana, wani yayanmu da ke karatu a Zariya yana da kaset na wasu yara da ake kira Musical Youth. Ba ma jin ko kalma ɗaya, amma in aka sa sai mun taka. Sai da na girma na san labarinsu. Yara biyar ne 'yan Birmingham ta Ingila, 'ya'yan mutanen da suka yi ƙaura daga Karebiyan. Kun san bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta rasa ma'aikata, ta buɗe ƙofa ga mutanen ƙasashen da ta raina, har jirgin ruwan nan Empire Windrush ya sauke ayarin da ya yi suna a 1948. Suka zo da kiɗansu. Da yake gidajen rediyon Turawa ba su cika sa shi ba, sai suka riƙa haɗa manyan lasifikoki da kansu, suna biki a gidaje da ɗakunan taro, suna sayar da faifai a shagunansu. Da haka rege ya yi jijiya a Ingila, tun kafin kamfanin Island na Chris Blackwell ya fitar da Bob Marley ga duniya a 1973.

Mahaifin biyu daga cikin yaran mawaƙi ne tun a Jamaika, shi ya fara ɗora su a hanya. A 1982 suka fitar da Pass the Dutchie. Asalinta waƙar wasu manyan mawaƙan Jamaika ce, Mighty Diamonds, mai magana a kan tabar wiwi, sai aka sauya ta koma maganar tukunyar abinci tunda yara ne za su rera. Ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, ta shiga Amurka, aka sayar da miliyoyin faifai. Mafi yawansu ba su kai shekara sha shida ba.

To ina aka kwana? A 1985 ƙungiyar ta watse. Ɗaya daga cikinsu, Patrick Waite, ya rasu a 1993 yana da shekara 24, bayan rayuwa ta yi masa wuya. Waɗanda suka rage suka shafe shekaru suna bin kadin kuɗin waƙar, har kotu. Ita kuwa waƙar ba ta mutu ba. A 2022 aka sa ta a wani shiri mai dogon zango na Netflix, yaran zamani suka sake ɗaukarta, kuma a wannan shekarar biyu daga cikinsu, sun zama dattawa, suka rera ta a bikin rufe wasannin ƙasashe rainon Ingila a Birmingham. Shekara arba'in waƙa na kawo kuɗi. Aljihun wa suka fi shiga? Nan ne maganar take.

Mu dawo gida. Mu mutanen kudancin Katsina ba sai an ba mu labarin yadda waƙa ke ƙetare iyaka ba, don a gabanmu aka yi. Alhaji Mamman Shata, Allah Ya jiƙansa, haifaffen Musawa ne, nan kusa da mu, ya kuma yi zamansa a Funtuwa. Ba shi da intanet. Kalangu gare shi, da 'yan amshi, da murya. Amma ka je zangon Kumasi ko Accra, ka je Maraɗi ko Damagaram, ka je wurin Hausawan Sudan, za ka tarar da Shata ya riga ka isa. Me ya kai shi? Abu uku ne a ganina: faifan garmaho, sai Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 wanda ake kamawa har ƙasashen maƙwabta, sai kuma direbobin manyan motoci da fataken goro da na shanu, waɗanda duk inda suka sauka da kaset ɗinsu. Direban da ya ɗauki auduga daga Funtuwa ya yi kudu, shi ne intanet ɗin wancan zamanin. Ba banza ba Shata ya yi wa direbobi waƙoƙi da yawa.

Amma a lura, ba da kuɗin kaset Shata ya rayu ba. Duk mai rikoda biyu yana iya kwafa ya sayar a tasha, ba wanda zai tambaye shi. Kaset suna yake yaɗawa, shi kuma sunan ya jawo gayyata, a wurin wasa ne masu hali ke yin kari, a ba da mota, a ba da riga, a ba da kujerar Makka. Ya samu digirin girmamawa daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1988, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Yau ka shiga YouTube ka ga shafuka barkatai suna ɗora waƙoƙinsa, ana kallo ba adadi. Duk lokacin da na gani sai in tambayi kaina, a cikin masu shafukan nan mutum nawa ne suka taɓa neman izinin iyalinsa?

Yanzu ga wanda na fi so ɗan yayata ya ji labarinsa, don shi ya fi kama da abin da yake mafarki. Sunansa Mahamadou Souleymane, duniya ta san shi da Mdou Moctar. Buzu ne daga arewacin Nijar. Gidansu gidan addini ne, ba a son kiɗa, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kuma bahago ne.

A 2008 ya sauko Sakkwato ya shiga situdiyo, irin waɗanda ake buga waƙoƙin finafinan Hausa. A nan aka ɗauki kundinsa na farko, Anar. Waƙoƙin da harshen Buzaye ne, amma kiɗan namu ne na wancan lokacin: gangar kwamfuta, da na'urar nan mai lanƙwasa murya da ta cika waƙoƙin fim a shekarun. Ba kamfanin da ya buga kundin, ba shagon da ya sayar. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya ta bulutut da memori. Wannan ya tura wa wancan a tasha, wancan ya hau mota ya yi Agadas, wani ya ƙetara Mali. Da yawa daga masu jin waƙoƙin ba su ma san sunan mai su ba.

A Kidal ta arewacin Mali ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai yawon tattara kiɗa, ya riƙa karɓar wayoyin samari yana kwafe abin da ke ciki, shi ma yana tura masu nasa. Da ya koma ƙasarsu ya tace, ya fitar da faifai a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, wato waƙoƙin wayoyin Sahara, a ƙarƙashin ɗan kamfaninsa Sahel Sounds. Cikinsu akwai Tahoultine ta Mdou. Abin da ya burge ni, kuma dole a yaba, shi ne mutumin bai tsaya ga sayarwa ba, sai da ya bi sawun masu waƙoƙin don a ba su rabonsu. Ya nemo Mdou har Nijar, ya kuma kawo masa jita ta bahagwai.

Daga nan abin ya riƙa hawa, amma ba dare ɗaya ba. Kundin Afelan ya fito a 2013. A 2015 suka yi fim a Agadas da harshen Buzaye, shi ne jarumin. A 2019 ya fito da cikakkiyar ƙungiya, 'yan Nijar uku da Ba'amurke ɗaya mai kaɗa jitar bes. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime, jaridun duniya suka yi ca a kansa. Ku ƙirga: daga Sakkwato zuwa nan shekara 13 ke nan. A tsakani kuwa wasan biki yake yi a garuruwan Nijar, da janareto, a fili, yana gyara hannu. Waya ta kai sunansa nesa, gaskiya ne, amma da Turawa suka zo kallo ido da ido sun tarar da mutumin da ya iya abinsa.

Kuma ko da ya kai can, bai tsira daga matsalar gida ba. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum, aka rufe iyakoki. A lokacin su Mdou suna Amurka yawon wasa. Waƙarsu na shiga ko'ina, su kuma sun rasa hanyar komawa wurin iyalansu, sai da masoya suka yi masu karo-karo ta intanet don su samu na zama.

Wannan ya tuna mini namu. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Malumfashi da Funtuwa da Bakori. Watanni muna haka. Wanda ke son kiran ɗan'uwansa sai ya hau mota ya nufi wajen Kano neman sabis. Na ga yadda masu tura waƙa a bakin kasuwa suka dawo da martabarsu, yara na layi da memori. Duk wanda ya gina sana'arsa kacokan a kan intanet a yankinmu, to ya sa wannan a lissafi. Yaran da na kalla a wayar ɗan yayata ba su san ɗauke wuta ba, balle ɗauke sabis.

Ba wai ina kashe wa kowa gwiwa ba ne. Mun ga yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe ko'ina a 2020 lokacin kullen korona, ba gidan rediyon da ya ɗora ta a kan mutane, mata ne suka ɗauke ta a wayoyinsu har ƙasashen waje. Nan Ɗanja ma, maƙwabtanmu, ɗan Kahutu ya nuna cewa yaron ƙauye na iya cika ƙasa da murya, ko kana son siyasarsa ko ba ka so. Kasuwar Hausa babba ce, daga Ghana har Sudan har Saudiyya. Ɗan Jamaika yana da Turanci da ke buɗe masa Landan, mu kuma muna da miliyoyin mutane masu jin harshenmu ba tare da tafinta ba.

Sai dai kallo daban, kuɗi daban. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da kallo mai yawa, kamar awa 4,000 a cikin shekara, kuma abin da ake biya a kan mai kallo daga Najeriya bai kama ƙafar na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Shi ya sa kowa ke rububin 'yan waje. Sannan ga babbar matsalarmu: yaro zai shiga situdiyo a Kano ko Funtuwa, ya biya kuɗin kiɗa, a tura masa waƙa a waya, ba takarda ba shaida. Ran da waƙar ta fashe sai ka ji mai situdiyo ya ce kiɗansa ne, wani mai shafi kuma ya riga ya ɗora ta da sunansa yana karɓar kuɗi. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta bin mutum gida, sai wanda ya riƙe hujjarsa. Yaran Birmingham da lauyoyi da kamfani ma sun sha wuya, ina ga ɗan Dayi?

Akwai kuma abin da mu iyaye ba ma son faɗa a fili: da yawanmu muna jin Shata a mota, muna kuma jin kunya a ce ɗanmu mawaƙi ne. Mijin yayata yana cikinsu, ni ma ban wanke kaina ba. Tsoronsa shi ne shaye-shaye da watsar da karatu, kuma ba tsoron banza ba ne, mun ga waɗanda abin ya ci.

Jiya da dare na kira yaron. Na ce masa rago dai ba za a sayar ba, a bar shi ya kai Babbar Sallah ya yi daraja. Akwai tsohuwar kwamfutata da ke ajiye, zan aiko masa, ya fara koyon haɗa kiɗa da ita. Sharaɗina biyu: ya cike JAMB ta bana, kuma duk waƙar da zai kai situdiyo, a rubuta wa ke da me, su sa hannu, ya turo mini hoton takardar kafin ta shiga wayar kowa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, Baba fa?"

Na ce wannan ni zan same shi ranar Juma'a in Allah Ya kai mu. Har yanzu ban san ta inda zan ɓullo masa ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan tsakanin ɗa da uba, don Allah ya ba ni shawara kafin ranar.