Fadamun Haɗeja da Nguru: Amfaninsu da Yadda Ake Kiyaye Su

Fadamun Haɗeja da Nguru suna arewa maso gabashin Najeriya, yawancinsu a jihohin Jigawa da Yobe. A nan ne kogin Haɗeja da kogin Jama'are suke rarrabuwa cikin tuddan yashi, su malale fili, kafin ruwansu ya tattaru ya zama kogin Yobe wanda yake gangarawa zuwa Tafkin Chadi. Ruwa yakan cika fadamun daga watan Agusta zuwa Satumba, sa'an nan ya riƙa janyewa kaɗan-kaɗan cikin rani.

Amfaninsu

Wannan cika da janyewa ita ce rayuwar mutanen wurin. Manomi yakan shuka shinkafa a cikin ruwa, in ya janye kuma a yi noman rani a danshin da ya bari. Masunta suna kamun kifi, makiyaya suna samun ɗanyar ciyawa lokacin da daji ya bushe, mata kuwa suna saƙa tabarma da kabar goruba. Ruwan da ya kwanta yana nutsewa ƙasa, shi ne yake ciyar da rijiyoyin garuruwa masu nisa. Ban da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe, akwai tsuntsayen da suke tasowa daga Turai kowace shekara su yi hunturu a nan.

Abin da ya same su

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun taimaki noman rani da ruwan sha a Kano, amma sun sauya tafiyar kogin Haɗeja. Ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma yana gudana har cikin rani a wuraren da dā sukan bushe. Wannan ya ba ciyawar kachala damar yaɗuwa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta hana masunta jefa koma, ta kuma zama maɓoyar jan-baki mai cinye hatsi. Sakamakon haka wani gari yana fama da ruwa a gona, na ƙasa da shi yana fama da ƙishi. Inda makiyaya ta ƙuntata kuwa, rikicin manomi da makiyayi ba ya nisa.

Matakan kiyayewa

A 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu a garin Ramsar na Iran. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta sa a ƙarƙashinta, a shekara ta 2000. A 2008 aka ƙara Baturiya ta Jigawa da tafkin Dagona na Yobe, wanda yake cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi. A irin waɗannan wurare doka ta taƙaita farauta da sare itatuwa, domin tsuntsu ya sami wurin sheƙa, kifi ya hayayyafa.

Amma shinge kaɗai ba ya tsare fadama, gama ruwanta daga nesa yake zuwa. Dole a saki ruwan madatsu a lokacin da ya dace, a yashe hanyoyin da kachala ta toshe, a kuma sa masunta da manoma da makiyaya cikin shawara. Mu ma da muke zaune a bakin wasu koguna muna da rabonmu: kada mu zuba shara ko maganin feshi a rafi, kada mu kama ƙananan kifi, mu kuma bar itatuwan gaɓa su riƙe ƙasa. Ana tunawa da ranar fadamu ta duniya kowace 2 ga Fabrairu.