Daga Say zuwa Barruwa: sunayen da safiyo ya tarar

Kalmar taswira Larabci ce, danginta su sura da tasawiri, kuma ta riga Turawa zuwa ƙasar Hausa. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Kilafaton, Baturen da ya ziyarce shi, zanen ƙasarsa, da babban kogin da muke kira Kwara a jiki. Safiyo kuwa baƙo ne, daga Ingilishi muka aro shi, mutumin da ke yawo da sarƙar awo da madubi mai ƙafa uku. Tsakanin kalmomin nan biyu ne aka yanka ƙasar nan.

A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say, a bakin Kwara, zuwa Barruwa, a bakin Tabkin Chadi. Kudu na Ingila, arewa na Faransa. Waɗanda suka ja shi ba su taɓa shan ruwan ko ɗaya daga garuruwan biyu ba. Sai daga baya Montai, hafsan Faransa, ya bi ta Say da Sakkwato da Kano har Kukawa don ya ga abin da aka raba. Wato an sayi doki, sannan aka zo duba haƙoransa.

To, da wane suna za a rubuta abin da aka samu? A nan abin yake da daɗin bincike. Kogin da Bahaushe ya sani da Kwara, mutanen Manden na ce masa Joliba, Zabarmawa kuma Isa. Taswira ba ta ɗauki ko ɗaya ba, ta riƙe Neja, sunan da ya daɗe a littattafan Turai, wanda ake kyautata zaton asalinsa wata kalmar Buzaye ce mai nufin kogin koguna. Daga shi wata Baturiya, Fulora Sho, ta ƙago Najeriya a 1897, daga shi kuma Nijar ta samu nata. Ƙasashe biyu ke nan suna amsa sunan da masuntan kogin ba su san shi ba. Kwara sai a 1967 ta samu jiha.

Binuwai ya fi ba ni sha'awa, domin shi kuskure aka fara laƙaba masa. Turawan da suka ga mahaɗarsa da Kwara sun rubuta shi Chadda, suna zaton daga Tabkin Chadi yake gangarowa. Sunan ya zauna a takarda, zaton ma ya zauna tare da shi. Sai a 1851, da wani Bature, Bat, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya iske kogin a Adamawa, ya ji mutanen wurin suna kiran sa da sunan da aka fassara da uwar ruwaye. Chadi ɗin ma, da Barbarci, ruwa mai faɗi kawai yake nufi. Kamar a tambayi mutum sunan wannan tabki, ya ce tabki ne, tafinta ya isar, Bature ya rubuta.

Wasu sunayen ba ji aka yi ba, dasawa aka yi. A 1900 Faransawa suka kafa garin Fotlami don tunawa da hafsansu da ya mutu a yaƙin Kusuri da Rabe. Sai 1973 ya koma Injamena. Damagaram kuwa sunan ƙasa ne, taswira ta fifita Zindar, amma bakin mutane bai bi ta ba.

Ita kalmar iyaka ma sai da ta sake ma'ana. Da, tsakanin sarki da sarki daji ne, da ribaɗi, da garin da ke kai gaisuwa nan ko can. A 1898 aka ɗora tsinin bakar awo a kan Sakkwato, aka kewaya mil 100, aka ce iyaka ke nan. Faransawa suka ga an bar su ba rijiyoyi a hanyar Damagaram, aka sake zama a 1904. Tsakanin 1906 da 1908 Tilho na Faransa da Oshi na Ingila suka bi layin suna kafa turaku 148. Yau direban Maraɗi da na Jibiya ba sa ce wa wurin iyaka. Boda suke cewa.