Burtali: yadda toshe hanyar shanu ya share fagen rikicin Zamfara

Burtali hanya ce da ake warewa tsakanin gonaki domin garken shanu su bi zuwa makiyaya ko mashaya ba tare da sun yi ɓarna ba. A da, bayan girbi manomi kan bar makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara da karmami, su bar masa taki. Idan an samu saɓani, ardo da mai gari kan zauna su yanke diyya.

A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe gandun kiwo, sai dai yawancin wuraren da aka ware ba a kammala musu rajista ba. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, ta bai wa ƙananan hukumomi ikon raba ƙasar karkara. Daga nan takarda ta fi tarihin zama ƙarfi, makiyayi kuwa ba shi da takarda.

Abubuwa da dama sun haɗu. Farin 1973 da na 1984 sun tura garke kudu. Takin zamani ya rage darajar kashin shanu, kara ya zama abin sayarwa. Injinan ban-ruwa sun mayar da fadamu, waɗanda su ne madogarar dabbobi da rani, gonakin albasa da tumatur. A Zamfara, bayan 1999, an yanka sassan dazuzzuka irin su Kuyambana a Maru aka raba su gonaki, kuma ba ƙaramin manomi ne ya fi cin moriyar rabon ba.

Toshe burtali kaɗai ba ya sa a ɗauki bindiga. Abin da ya mayar da ƙorafi tashin hankali shi ne lalacewar hanyoyin sasanci: tarar da ta wuce kima, satar shanun da ba a hukunta kowa a kai ba, sannan 'yan sa-kai da ke kashe Fulani a kasuwanni bisa zargi. Ramuwa ta biyo baya, kamar kisan 'Yar Galadima a Afrilun 2014.

Yanzu alaƙar ta juya. Kuɗin fansa da haƙar zinare sun zama abin da ke riƙe da daba, kuma a ƙauyuka da yawa 'yan bindiga ne ke sa wa manomi haraji kafin ya shuka ko ya girbe gonarsa.